Sassaƙar Da Ta Shekara 50 A Takarda

A yau za mu ɗan jingine maganar girki da ɗinki da renon yara, mu ƙetare teku zuwa birnin New York na ƙasar Amurka, in ba ku labarin wata mata mai suna Carmen Herrera, 'yar asalin ƙasar Kyuba, wadda ta rasu ranar 12 ga Fabrairu, 2022, tana da shekara 106 a duniya. Mutane sun san ta da zane da fenti, ko shi ɗin ma sai da ta tsufa tukuf aka san ta, gama kasuwar zanenta ba ta buɗe ba sai a shekarar 2004, lokacin tana da shekara 89. To, amma akwai wani ɓangare na aikinta da ba a cika ambata ba, watau sassaƙa, kuma shi ne nake so mu tsaya a kansa, don kuwa shi ya fi shan jira.

Kada ku ji an ce sassaƙa ku ɗauka mutum-mutumi ne ko siffar doki. Babu siffar mutum ko dabba ko tsuntsu a cikin aikin wannan mata da ya yi suna, na fenti ne ko na katako. Irin zanenta shi ne wanda ba ya kwaikwayon komai da ido ya saba gani, sai dai miƙaƙƙen layi da kusurwa da launi. Ku 'yan makaranta, ku tuna da alwatika da murabba'i da ake sa ku zanawa da rula a darasin lissafi. To, da su ta yi aiki fiye da shekara 60. Ke kuwa uwargida, dubi adon faifai ko na tabarma, ba hoton komai ba ne, amma idonki ya san mai kyau ya san maras kyau. Da wannan idon ake kallon aikin Carmen.

An haife ta a Habana, babban birnin Kyuba, ranar 30 ga Mayu, 1915, ita ce auta a cikin 'ya'ya bakwai. Mahaifinta, Antonio Herrera, editan wata jarida ne mai suna El Mundo, ya kuwa rasu tun tana ƙarama ƙwarai. Mahaifiyarta, Carmela Nieto, ita ma 'yar jarida ce, a zamanin da da wuya a ga mace tana wannan aiki. An sa yarinyar koyon zane tun tana da shekara 8, aka tura ta makaranta a Paris, sa'an nan da ta komo gida ta koyi fenti da sassaƙa a wata ƙungiyar mata ta Habana da ake kira Lyceum. Daga nan ta shiga Jami'ar Habana a 1938 don koyon ilmin tsara gine-gine. Shekara guda kaɗai ta yi, ga rigingimun siyasa da suka riƙa sa ana rufe jami'ar, ga kuma aure ya zo. A 1939 ta auri wani malamin Turanci Ba'amurke, Jesse Loewenthal, ta bi shi New York.

Ku riƙe wannan shekara guda ta jami'a, don ita ce tushen duk abin da ya biyo baya. Mai tsara gini ba ya ɗaukar bulo da hannunsa. Aikinsa ya zauna da takarda da rula ya auna tsawo da faɗi da kauri, ya miƙa wa magini. A can Carmen ta koyi son miƙaƙƙen layi, a can kuma ta koyi duban abu ta gaba da ta baya da ta gefe tun yana kwance a takarda.

A 1948 ita da mijinta suka koma Paris, suka yi wajen shekara 5. Akwai wani taron nuna zane da ake yi kowace shekara a birnin, Salon des Réalités Nouvelles, na masu irin wannan zane maras siffa zalla, kuma an karɓi aikinta a can. Ta sha ba da labarin cewa shugaban taron ya dubi wani zanenta ya ce mata akwai zane-zane da yawa a cikin wannan guda ɗaya. Da farko ta ɗauka yabo ne, daga baya ta gane nufinsa ta cika tarkace. Tun daga nan ta shiga ragewa. Launi ya koma uku, ya koma biyu. Lanƙwasa ta yi ta raguwa har ta ɓace. Ta fara shafa wa katakon da ya kewaye zanen fenti shi ma, har da gefen ƙyallen, yadda zanen zai zama kamar wani abu mai jiki wanda za a iya leƙawa ta gefe. Kun ga tun a nan sassaƙar ta fara leƙowa.

Da suka koma New York sai ta tarar kasuwa ba tata ba ce. Abin da ake yayi a lokacin shi ne manyan zane-zanen da ake watsa fenti ko a ɗiga shi, irin na Jackson Pollock, kuma maza ne ke riƙe da fagen. Carmen ta faɗa sau da yawa yadda wata mai ɗakin sayar da zane, Rose Fried, ta gaya mata ƙiri-ƙiri cewa ta fi mazan da take nuna aikinsu iyawa, amma ba za ta nuna nata ba saboda ita mace ce. Ku lura fa, mace ce ta faɗa wa 'yar'uwarta haka. Ga ta kuma baƙuwa daga Kyuba, kuma masu neman zanen mutanen Kyuba suna jiran su ga itatuwan kwakwa da rawa da 'ya'yan itace, ba layi biyu a kan farin ƙyalle ba. Wani Ba'amurke, Ellsworth Kelly, shi ma ya zauna a Paris a waɗannan shekaru, yana aiki da layi da launi zalla kamar ita. Shi kafin shekarun 1950 su ƙare ya yi suna a New York.

FARI DA KORE

Daga 1959 zuwa 1971 ta yi wasu zane-zane a jere da ta sa wa suna Blanco y Verde, watau Fari da Kore da Sifaniyanci. In kin tsaya gaban ɗayansu, abin da za ki gani farin fili ne, sai wata siririyar alwatika koriya, doguwa kamar tsinin mashi, ta ratsa shi. Shi ke nan. Amma in kika daɗe kina kallo sai idonki ya fara gardama da kansa: shin koren ne aka ɗora a kan farin, ko kuwa farin ne ya tsage har ake hango kore ta bayansa?

Wannan tambaya ita ta haifi sassaƙar. A cikin shekarun 1960 Carmen ta fara zana wasu siffofi a takarda, da kaurinsu da inuwarsu, ta kira su Estructuras, ma'ana abubuwan da aka harhaɗa aka tsayar, kamar gini. Dabarar ita ce, maimakon a shafa siririyar alwatikar nan da fenti, a yanke ta gaba ɗaya, a bar gurbinta fayau. Za a ƙera katako gida biyu ko uku, masu kauri kamar akwati, a shafe su da launi guda tak, ja ko shuɗi ko rawaya ko kore, sa'an nan a kusanta su har su taɓa juna a wuri ɗaya su rabu a wani wurin. Tsagar da ta rage tsakaninsu ita ce launi na biyu. In an rataye aikin a farin bango, tsagar fara ce. In an ajiye shi a ƙasa a tsakar ɗaki, duk abin da ke bayansa ya shigo cikin aikin, har da mutumin da ya gifta.

A ganina nan ne hikimarta ta fi fitowa, fiye ma da zanen fentin da ya jawo mata suna. Zanen bango yana nan yadda yake ko da safe ko da dare. Wannan kuwa in kika matsa taku ɗaya hagu tsagar ta buɗe, in kika koma dama ta rufe, in rana ta karkata inuwa ta sa launin nan guda ya zama kamar uku. Duk mai ɗinki ta san haka, cewa wurin da aka yanke a wuyan riga shi ma ado ne, ba sai inda allura ta bi kaɗai ba.

Duk wadda take so ta gani da idonta, abin ba wuya. Ki sami kwalin sukari ko na sabulu, ki yanko murabba'i mai tsawo, ki tsaga shi biyu a karkace daga wannan kusurwa zuwa waccan. Ki shafe duka biyun da launi ɗaya. Sa'an nan ki ɗora su a kan farar takarda, bakinsu na sama a haɗe, na ƙasa a buɗe kamar faɗin yatsa. Ki matsa baya ki duba. Farin da ya fito tsakani ba ke kika zana shi ba, amma shi idonki zai fara kamawa. Ki ƙara buɗawa kaɗan, za ki ga abin ya lalace, ya koma kwali biyu kurum. Sanin inda za a tsaya shi ne aikin, kuma a kansa ne Carmen take ɓata kwanaki tana awo.

To, amma takarda da fensir araha gare su, katako da kafinta kuwa sai da kuɗi. Gidan nan albashin malamin makaranta ne ke riƙe da shi. Jesse ya yi shekaru masu yawa yana koyarwa a makarantar sakandare ta Stuyvesant, da wannan ake biyan haya a sayi fenti. Sai aka yi dace wata gidauniya mai suna Cintas, wadda aka kafa da dukiyar wani attajirin Kyuba, Oscar Cintas, don taimakon masu fasaha 'yan asalin ƙasar, ta ba ta tallafi sau biyu a ƙarshen shekarun 1960. Da wannan kuɗi ta ɗauki kafinta ya fara fitar da abin da ke takarda zuwa katako. Daga cikin waɗanda aka gama a 1971 akwai Amarillo Dos, watau Rawaya Biyu, da Azul Tres, watau Shuɗi Uku. Sunayen ma kun ji su, babu ƙawa.

Ba a yi nisa ba kuɗin ya ƙare, kafintan kuma ya rasu. Irin wannan aiki ba kowane mai zarto da guduma ne zai iya ba, don in kusurwa ta kauce ko da kaurin farce ne, tsagar ta karkace, aikin ya tashi a banza. Babu kuɗin neman wani, babu mai saye, babu ma wurin ajiye manyan katakai a gidan haya. Sai ta tattara takardun ta adana, ta koma ga ƙyalle da buroshi. Shekarun nan kuwa su ne daidai lokacin da wasu maza a New York ɗin, irin su Donald Judd, suke tura zanen akwatunansu na ƙarfe masana'anta ana ƙera musu, manyan gidajen adana zane suna saye.

Na san wata za ta ce ai ga shi haƙuri ya yi rana, mahaƙurci mawadaci. Ni dai ban cika son a rufe wannan labari da karin maganar nan ba, don tana ɓoye asarar da aka yi. Mai sana'a da hannu take koyo. In ta ƙera abu ɗaya ta gan shi tsaye, shi zai nuna mata na biyu, na biyu ya nuna na uku. Carmen tana da shekara 56 a 1971, da ƙarfinta da lafiyarta. Sassaƙar da za ta yi a shekara 40 da suka biyo baya, da ta sami kafinta da 'yan kuɗi, ba a ajiye ta a ko'ina ba balle a ɗauko daga baya. Abin da aka samu a ƙarshe shi ne farkon tunanin kawai.

Game da mijin, ya cancanci a faɗi nasa. Sun yi aure shekara 61. Bai taɓa ganin ranar da aikin ya kawo kuɗi ba, duk da haka bai ce ta bari ba, kullum ƙarfafa mata gwiwa yake yi. Ya rasu a shekarar 2000, saura shekara 4 ƙofa ta buɗe.

YADDA ƘOFA TA BUƊE

A 2004 wani mai ɗakin sayar da zane a New York, Frederico Sève, yana shirin nuna aikin mata masu zanen layi da kusurwa, sai ɗaya daga cikinsu ta janye. Wani maƙwabcin Carmen kuma abokinta, mai zane Tony Bechara, ya ambaci sunanta. Aka kawo zane-zanen, masu tara kayan fasaha suka gani suka saya nan da nan, ɗaya daga cikinsu ma, Ella Fontanals-Cisneros, guda biyar ta ɗauka. Daga nan abin ya yi ta gaba. A 2009 aka yi babban nunin aikinta a birnin Birmingham na Ingila. Gidan adana zane na MoMA a New York da na Tate Modern a Landan suka mallaki aikinta. A 2015 aka yi fim a kan rayuwarta. A 2016 gidan adana zane na Whitney ya nuna ayyukanta na tsakanin 1948 da 1978, tana da shekara 101, kuma a wurin ne mutane da yawa suka fara ganin katakan nan suka gane ashe mai zanen ta taɓa sassaƙa. A 2019 an sayar da ɗaya daga cikin Fari da Kore fiye da dala miliyan 2.

Da kuɗi suka samu, aka kakkaɓe tsofaffin takardun. A wannan karo da alminiyam aka ƙera yawancinsu, irin ƙarfen nan maras nauyi da ake tukunya da shi, don yana jure ruwa da rana, ana kuma iya yin babba da shi. Shi ya sa za ku ga an rubuta shekara biyu a jikin sunan aiki guda, ta farko shekarar da ta zana shi, ta biyu shekarar da aka ƙera shi. A 2018 ɗakin Lisson, wanda ke sayar da aikinta, ya yi nunin Estructuras zalla a New York.

Babban abin ya zo a watan Yuli na 2019, sa'ad da aka kafa guda biyar manya-manya a lambun da ke gaban ofishin magajin garin New York, aka bar su har watan Nuwamba. Sun kai tsayin mutum, wasu sun fi. Ba a cikin ɗaki ba, ba kuɗin shiga, ma'aikata masu zuwa ofis da mata masu tura keken jarirai duk suna wucewa ta gabansu, kuma ta tsagar nan ana hango ganyen itatuwa da dogayen benaye. Akwai ja guda ɗaya, Angulo Rojo, watau Jar Kusurwa, wanda ta zana sabo a 2017 tana da shekara fiye da 100, bayan ta yi fiye da shekara 30 ba ta tsara sabuwar sassaƙa ba. A shekarar 2020 aka kai wasu daga cikinsu wani lambu a birnin Houston.

Wanda ya fi taɓa zuciya a cikin biyar ɗin shi ne shuɗin, mai suna Pavanne, sunan wata tsohuwar rawar Turai da ake takawa a hankali, da nauyi. Gida uku ne da suka sarƙe juna. Ta zana shi a 1967 don tunawa da ɗan'uwanta Mariano, wanda ciwon daji ya kama. Babu fuskarsa a jiki, babu sunansa, sai shuɗi mai duhu da gaɓoɓi uku da suka jingina da juna. Ba a ƙera shi da girman da ta nufa ba sai a 2017, shekara 50 cif bayan ta zana shi. Duk mai cewa irin wannan aiki ba ya ɗauke da komai na zuciya, lissafi ne kurum, sai ta tsaya a kan wannan.

Akwai masu tambaya, kuma tambayar ba ta banza ba ce: in wasu ne suka yanka ƙarfen suka fesa fentin, yaya za a ce aikinta ne? Gaskiya ne a shekarunta na ƙarshe ciwon gaɓoɓi ya zaunar da ita a keken marasa lafiya, ko zanen ƙyalle ma mataimaki ne yake manna salatif a kan layin ya shafa fentin tana kallo tana gyara masa. Amma kowace safiya ita ce take zama bakin taga da rula da fensir ta fitar da awon, ita take zaɓen launi, ita take cewa ya yi ko bai yi ba. Da ma tun 1971 ba ita ta riƙe zarto ba. In an ga gida mai kyau akan tambayi wanda ya tsara shi, ko da yake kowa ya san akwai magina, kuma haƙƙinsu ne a yaba musu.

Abin da ni na fi jinjinawa shi ne bambancin katako da ƙarfe. Na alminiyam sumul suke kamar jikin sabuwar mota, ba tabo ko ɗaya. Na katakon kuwa ƙanana ne, an yi su daidai da ɗakin haya da aljihun matar malami, kuma hannun kafintan nan da ya rasu yana jikinsu. 'Yan kaɗan ne aka yi. Su ne kaɗai shaidar yadda abin yake a idonta lokacin da babu wanda ya damu ya leƙa.

Ta ci gaba da zama a gidanta da ke kusa da dandalin Union Square, inda ta shafe fiye da shekara 50, ɗakin kwana da wurin aiki duk a haɗe. A can ta rasu, saura wata uku da 'yan kwanaki ta cika shekara 107.